Kwalekwalen Bujang da Wayar Ƙarfe

Teluk Nibung,
3 ga Rabi'us Sani, 1413

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa.

Daga Haji Marzuki ɗan Jantan, zuwa ga jikansa Ramlan ɗan Sahak, mai aiki a tashar jiragen ruwa ta Langkawi. Aminci ya tabbata a gare ka.

Bayan haka, ina fata takardar nan ta same ka cikin lafiya da kwanciyar hankali. Mu nan sai godiya. Idanuna suna karatu har yanzu ba tabarau, gwiwoyi kuma suna kai ni masallaci su dawo da ni. Hannuwa ne suka fara yi mini gardama. Yatsu uku na dama ba sa naɗewa sai rana ta ɗaga, ko alƙalamin nan sai na ajiye shi na huta tsakanin layi da layi, saboda haka ka yi haƙuri da karkacewar rubutun.

Mai yiwuwa ba ka riƙe fuskata ba, domin sau biyu kaɗai muka haɗu: ranar sunanka, da ranar da muka kai mahaifinka makwancinsa. Ni ne ƙanen kakanka Bujang. Mahaifiyarka ce ta ba ni adireshinka da ta zo mana bayan Mauludi, ta kuma ce aikinka shi ne ɗaura igiyoyi da ƙarafa a jiragen Turawa masu tafiya da iska. Wannan ne ya ba ni ƙarfin halin rubuto maka.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da kakanka ya sassaƙa wani kwalekwale mai jigo ɗaya da ƙyallen iska ɗaya. Babu ƙusar ƙarfe ko guda a jikinsa, da turakun itace aka haɗa katakansa. Yana hannuna tun rasuwarsa. Da shi nake ƙetarawa tsibirin Seraya kowace Alhamis da hantsi, in karantar da mutanen can, in dawo bayan la'asar. Gida goma sha ɗaya ne, ba su da malami, mafi yawan ɗalibaina kuma sun manyanta. Akwai wata tsohuwa, Mak Jemah, wadda ta fara koyon baƙi tana da shekara sittin da huɗu. Yau shekara shida ke nan, saura izu huɗu ta sauke. Ita ce ke tsayawa a bakin ruwa tana duban tahowar ƙyallena.

Ga damuwar. 'Yan tayoyin katako biyu da igiyar ƙyalle ke bi ta kansu sun tsage, ba sa juyawa, sai an ja da ƙarfin tsiya. Makon jiya igiyar ta kuɓuce mini sau biyu a tsakiyar mashigi, ta tafi da fatar tafina. 'Yata Zaharah, wadda nake zaune da ita tun rasuwar mijinta, ta wanke ciwon, da ta gama ɗaurewa ta ce, "Abah, iskar arewa tana tafe. In watan Rajab ya kama kwalekwalen nan yana yanka maka hannu, ni da kaina zan sa a ja shi tsakanin dirkokin da ke ƙarƙashin gida, ka yi fushin da za ka yi." Ba ta ɗaga murya ba, ni kuma ban ga inda ta yi kuskure ba. Na yi mata alkawari a kan haka.

Za ka ce in shiga na inji. Masu inji suna fita kamun kifi tun asuba, ba zan ɗora wa magidanci asarar yini guda kowane mako saboda ni ba. In ruwa ya janye kuma, babu abin da ke wuce duwatsun bakin Seraya sai ɗan kwalekwale irin wannan.

Abin da nake roƙo shi ne taya biyu masu sauƙin juyawa, in akwai tsofaffi da aka cire aka ajiye a wurinku. Na ɗora tsohuwar a bayan takardar nan na zagaye ta da alƙalami don ka ga girmanta.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka a ruwa da tudu.

Kakanka,
Marzuki


Langkawi,
25 ga Rabi'us Sani

Zuwa ga kakana Tok Haji Marzuki, gaisuwa da girmamawa.

Takardarka ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Ina lafiya, aiki ne dai ba ya ƙarewa. Allah Ya sauƙaƙa maka ciwon hannu, Ya saka wa Inna Zaharah da alheri.

Na riƙe fuskarka sarai, Tok. Kai ne ka kama hannuna a maƙabarta, ba ka sake shi ba har muka koma gida.

Amma taya biyu kawai? Ka samu jika mai kwana a cikin ƙarafa, sannan ka roƙe shi abin da zai shiga aljihun riga. Mun kwance kayan wani jirgi a watan nan, mai shi ya ce mu yi yadda muka ga dama da tsofaffin, tsofaffinsu kuwa ko shekara uku ba su yi ba. Na cika maka akwati, na ba wani kuku na jirgin kaya mai zuwa Tanjung Pinang, shi zai sa shi a jirgin wajenku.

A ciki akwai taya huɗu na farin ƙarfe da ba ya tsatsa. Akwai waya biyu ta ƙarfe da za su riƙe jigo dama da hagu, da farantan ƙarfe da notinan da za a ɗaure su a gefen kwalekwalen. Na san irin namu da rotan, wannan igiyar itacen daji, ake ɗaure jigo, na ga na gefen garinmu ina yaro, abin tausayi, kullum yana zarewa.

Abin da ya fi duka shi ne wani ɗan ƙarfe mai muƙamuƙi biyu da haƙora. A kafa shi a kan katakon da kake zama. Ka ja igiya ka tura ta tsakanin haƙoran, su cije ta, hannunka ya huta har ka isa. In za ka sake ta, sai ka fizge ta sama, shi ke nan. Na ga tsofaffin Turawa da suka girme ka suna ƙetare teku da shi suna shan shayi.

Ka sa su duka, Tok, kada ka bar ko ɗaya. Rotan ɗin nan a cire shi. Ban yarda ka sake shiga ruwa da shi ba.

Ka ce wa Mak Jemah in ta sauke ina da rabo a shinkafar walima.

Jikanka mai neman albarka,
Ramlan


Teluk Nibung,
16 ga Jimada Ula, 1413

Da sunan Allah. Zuwa ga jikana Ramlan, aminci da albarka.

Muna lafiya. Hannun yana nan yadda ka san shi, Zaharah tana shafa masa man kwakwa mai ɗumi safe da yamma. Akwatin ya iso ranar Litinin, babu abin da ya ɓace. Allah Ya saka maka, Ya ba ka masu yi maka fiye da haka.

Na kira Atan ya gani. Shi ne ya riƙe wa kakanka katako lokacin sassaƙar, kuma abokin wasana ne tun muna tsirara a bakin ruwa. Bai taɓa cina gardama a kan addini ba, ni ma ban taɓa cinsa a kan itace ba. Ya zube kayan a kan tabarma, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Haji, jikanka ya aiko da kayan amarya, ga amaryar kuwa haƙora duk sun zube."

Tayoyin sun burge shi, ya yi ta murza su da yatsa kamar yaro. Da ya zo kan wayar sai ya naɗa ta a hannu ya ja, ya ce wannan ba ta tsinkewa. Na ce ai shi ne amfaninta. Ya ce shi ne aibinta. Haƙoran ƙarfen kuwa ko taɓa su bai yi ba.

Bari in bayyana maka, domin ka tashi nesa da mu. Mahaifinmu Jantan ya koya mana abu biyu, ni da kakanka. Na farko, igiyar ƙyalle ba a ɗaure ta a jikin komai, a hannu take zama, domin in guguwa ta faɗo sai ka buɗe hannu kawai, ƙyalle ya zubar da iskar. Na biyu, jigo da rotan ake ɗaure shi, ba don rashin abin da ya fi shi ƙarfi ba. In iska ta riga hannunka, rotan ne zai tsinke, jigo ya faɗa ruwa, kwalekwale ya tsaya da kai a ciki. Sau uku haka ta faru da ni a rayuwata, duk sau ukun na dawo gida da filafili, na sake yanko rotan washegari.

Da shawara ce kawai ka ba ni, da na ɗauki tayoyin na yi godiya na ajiye sauran. Amma ka rubuta cewa ba ka yarda in sake shiga ruwa da rotan ba. Na karanta layin nan sau da yawa. Kwalekwalen nan ba nawa ba ne, Ramlan. Kakanka ya rasu ya bar ɗa ɗaya, mahaifinka, shi ya ba ni aronsa a bakin kabari. Aro yana ƙarewa da mutuwar mai bayarwa, saboda haka da mahaifinka ya rasu na je wa mahaifiyarka, wadda ke da tumuni a ciki, ta ce in ci gaba da riƙo har ka girma, nata rabon kuma tana bayanka. Ka girma. Kai ne mai shi, kuma mai aro ba ya ƙetare sharaɗin mai kaya. Shekara talatin ina karantar da mutane wannan hukunci, ba zan karya shi a kaina ba don ya zo mini ba daɗi.

Saboda haka izini nake nema: ka bar ni in sa tayoyin, in bar rotan a wurinsa, in bar igiya a hannuna. Kafin amsarka ta zo ba zan sa shi a ruwa ba. Na aika wa mutanen Seraya cewa su yi haƙuri da ni mako biyu ko uku.

Kakanka,
Marzuki


Teluk Nibung,
20 ga Jimada Ahir, 1413

Da sunan Allah. Zuwa ga jikana Ramlan.

Ina fata lafiya ce ta sa ka shiru, ba wani abu ba. Mu nan muna nan. Ruwan sama ya yi yawa, iskar arewa ta fara taɓa kan itatuwan kwakwa.

Jirgin wasiƙu ya zo sau biyar tun da na rubuto maka, kowane zuwa ina tsaye a kan gadar da yake tsayawa. Na auna shirunka ta fuskoki da dama, fuskar da ta fi rinjaye a zuciyata ita ce na ɓata maka rai. Mutum ya cika akwati da hannunsa ya aiko wa tsoho, tsohon ya zauna yana tsince wanda yake so. In haka ne, ka yafe mini. Wanda ya riga ya faɗi sharaɗinsa kuma aka nemi ya janye bai janye ba, maganarsa ta farko tana nan.

Alhamis biyar ban ƙetara ba. Mak Jemah ta aiko wani mai kifi ya gaya mini cewa ta gwada ci gaba ita kaɗai, ta tsaya a wuri ɗaya kwana tara, kuma tari ya kama ta, tana tsoron kada a kira ta saura izu huɗu. Ga Rajab saura kwana goma. Na ga jira ya ƙare.

Na kira Atan ya sa kayanka duka kamar yadda ka ce, ya ƙi da farko. Da ya ga na ɗauko abin huda da wannan hannun nawa, sai ya fizge ya ce in matsa kafin in ɓata masa katako. Ƙofa takwas ya huda a gefen sama, yana yi yana mita. Da ya gama ɗaure notin ƙarshe ya ce, "Ka sa na huda aikin Bujang da hannuna. In na riga ka zuwa can, zan gaya masa kai ka sa ni." Na ce in dai shi ne zai riga ni, ba ni da damuwa, domin sai an daɗe ana yi masa tambayoyi kafin ya ga Bujang. Bai yi dariya ba.

Gaskiya ita ce kayanka suna da kyau. Ranar Alhamis na ƙetara, igiya tana tafiya a kan tayoyin kamar an shafa mata mai. Na tura ta cikin haƙoran suka riƙe, na ɗora hannuwana a kan cinya, abin da ban taɓa yi a cikin kwalekwale ba tun ina ɗan shekara goma sha biyu. Na gwada fizgewar saman da ka ce har sau goma, tana fita. Mak Jemah ta karanta shafi uku ranar. Da na dawo Zaharah ta buɗe tafin hannuna ta duba, ta ce alkawari ya cika, ba za ta ja kwalekwale ba.

Ya kamata in yi murna. Na gaji ne kawai. Ka rubuto, ko layi ɗaya ne.

Kakanka,
Marzuki


Seraya,
9 ga Rajab, 1413

Da sunan Allah, wanda babu abin da ke faruwa sai da saninsa. Zuwa ga jikana Ramlan.

Ina raye, kuma babu ƙashin da ya karye. Na fara da wannan don kada labari ya riga takardata zuwa wurinka ta bakin wani. Haƙarƙarina na hagu yana ciwo in na ja numfashi, ƙafafuna kuma duwatsu sun yayyanka su. Daga Seraya nake rubutu, a ɗan ɗakin da ke jikin masallacinsu.

Ranar Alhamis na fito da hantsi, gari garau, iska daidai. Na wuce rabin mashigi sai na ga ruwan gabana ta arewa ya yi duhu, yana tahowa da farin kumfa a bakinsa. Ba baƙon abu ba ne, na gan shi fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Igiya tana cikin haƙoran, saurarta tana hannuna. Da iskar ta bugi ƙyalle, sai na buɗe hannuna.

Na san abin da ka rubuta. Na gwada shi sau goma a ranar farko, da wasu goman bayanta. Amma hannun da ya shekara sittin yana buɗewa bai tambaye ni ba, ya buɗe, igiyar kuma ba ta tafi ba. Kafin in tuna da fizgewa, kwalekwale ya kwanta, ruwa yana shiga ta gefe, na zame daga wurin zamana, igiyar ta yi mini nisa.

A nan ne na saurari ƙarar rotan. Ina riƙe da gefe, ina jiran wannan ƙarar da na sani, kamar an karya busasshen kara. Babu rotan. Wayarka ta riƙe, Ramlan, ta riƙe kamar yadda ka ce za ta riƙe. Abin da ya saki shi ne katakon kakanka. Ya tsage daga ƙofar noti ta farko har ta huɗu, ya ɓalle da tsawon kamu biyu, ya tafi tare da wayar da jigon.

Allah Ya sa iskar ta riga ta tura ni kan duwatsun bakin Seraya, ruwa iya ƙirji. Na tsaya a kansu ina riƙe da kwalekwalen da ya cika, har matan da ke tsintar kaguwa suka hango ni. Su suka shigo suka fitar da ni, su shida, Mak Jemah tana bakin ruwa tana ba su umarni da tarinta. Da aka zaunar da ni a kan yashi, abin da ta fara ce mini shi ne, "Tok Haji, littafin dai bai jiƙe ba ko?" Na ce yana cikin gwangwani a ɗaure. Ta ce to alhamdu lillahi, sannan ta tambayi jikina.

Mazan sun jawo kwalekwalen da yamma, yana kife a ƙarƙashin masallaci. Na aika wa Zaharah, amma iska ta hana kowa ƙetarowa har yau.

Ban rubuto don in ɗora maka komai ba. Ka aiko da mafi kyawun abin da ka sani. Ni ne na san abin da mahaifina ya ce, na kuma shiga. Sai dai wajibi ne in sanar da kai cewa kayanka ya lalace a hannuna, kuma ina jiran hukuncinka a kansa.

Kakanka,
Marzuki


Langkawi,
1 ga Sha'aban

Tok,

Ka gafarce ni, ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Jiya na sauka. Kwana biyu bayan na aiko da akwatin aka tura mu kai wani jirgi tsibiran Maldib, aka ce mako uku, muka yi wata uku saboda gyara da jiran iska. Na tarar da takardunka uku a ɗaure wuri ɗaya a wurin matar da nake zaune a gidanta. Na karanta su a jere. Da na kai ta biyu na riga na san abin da ke cikin ta uku, hannuna ya ƙi buɗe ta.

Wallahi, Tok, ban taɓa sanin kwalekwalen nan nawa ne ba. Babu wanda ya taɓa gaya mini. Da na ce ban yarda ba, bakin jika ne mai jin tsoro, irin yadda Inna Zaharah za ta ce maka ba ta yarda ka sha kofi uku ba. Ni wane ne da zan kafa maka sharaɗi?

Kuma ban san abin da nake yi ba. Jiragen da nake wa aiki suna da dalma mai nauyin mota a ƙarƙashinsu, in iska ta kwantar da su sai su tashi da kansu. Ban taɓa tuƙa irin namu ba ko sau ɗaya. Na ga rotan ina yaro na ɗauka talauci ne.

Ga hukuncin da kake jira. Na ba ka kwalekwalen kyauta, shi da abin da ya rage a jikinsa, don Allah. Na rubuta wa mahaifiyata yau a kan tumuninta, na san abin da za ta ce. Ka yi da shi yadda Tok Jantan ya koya muku.

Sun ce ba hutu sai bayan salla. Ranar da aka sake ni, wurinka zan fara zuwa. Yaya haƙarƙarin? Ka gaya mini gaskiya.

Jikanka,
Ramlan


Seraya,
24 ga Sha'aban, 1413

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Zuwa ga jikana Ramlan, aminci ya tabbata a gare ka, da kwanciyar zuciya.

Takardarka ta iso, ta mahaifiyarka ma ta biyo ta. Haƙarƙarin ya yi sauƙi, ina iya ruku'u ba tare da na dafa bango ba. Wannan ita ce gaskiyar da ka nema. Hannun kuwa ya ƙara lalacewa tun ranar hatsarin, yini biyu na yi ina rubuta wannan.

Na karɓi kyautar, Allah Ya karɓa maka. Ka sauke nauyin daga zuciyarka. Na ɗauki maganar ƙauna na auna ta da ma'aunin shari'a, na ɗauki shirun matafiyi na mai da shi fushi. Ilimin da na yi aiki da shi daidai ne, wurin da na ajiye shi ne ba wurinsa ba, kuma a shekaruna ya kamata in san bambancin.

Da kwalekwalen ya zama nawa, na aika wa Atan. Ya zo da katako guda da ya ɓoye shekara tara yana jiran aikin da ya cancance shi. Kwana shida ya yi a nan yana cin shinkafar mutane yana zagina. Ya cire tsagaggen, ya toshe ƙofofin ɗaya gefen da turaku, ya yanko rotan ya ɗaure jigo. Tayoyinka biyu ya bar su, ya ce ko Bujang da ya gan su zai so. Wayar tana bayan masallaci, mata suna shanya a kanta, sun ce ba su taɓa samun igiyar shanya irinta ba. Haƙoran suna cikin akwati, ka zo ka ɗauki abinka.

Ya gyaru, Ramlan, amma ba zan sake tuƙa shi ba. Na gwada riƙe igiyar a kan tudu, babu iska babu komai, yatsun suka sake ta kafin in ƙirga ashirin. Wanda ba zai iya riƙewa ba, kuma ba zai iya ɗaurewa ba, ya gama da ƙyalle.

Zaharah ta ƙetaro ranar da iska ta lafa, ta zo da nufin tafiya da ni. Ta dubi ƙafafuna, ta dubi kwalekwalen, ta ce, "Abah, ba za ka sake ƙetarawa ba." Na ce ba zan sake ba. Sai ta miƙe tana naɗe tabarmata. Na ce ta ajiye, domin na yanke shawara in zauna a nan. Na gaya mata cewa a Teluk Nibung akwai malamai uku, biyu sun fi ni ƙuruciya da karatu, a nan kuwa babu kowa, kuma in na koma can, ranar Alhamis kawai zan riƙa zama ina kallon ruwa.

Ta ajiye tabarmar. Sannan ta tambaye ni wa zai riƙa shafa mini mai a hannu. A gidan can aka haife ni, a can mahaifiyarta ta rasu, kuma shekara goma sha ɗaya ba mu taɓa cin abinci dabam ni da ita ba. Ta koma ranar ba ta yi mini sallama da baki ba, hannuna kawai ta sumbata. Mako na zagayowa ta dawo a jirgin wani maƙwabci mai inji da ke wucewa kai kifi, da littattafaina a cikin buhu biyu, da butata, da kwalbar man kwakwa. Ta nuna wa jikar Mak Jemah yadda ake ɗumama shi.

Mak Jemah tana karatu kullum yanzu, safe da la'asar. Saura mata izu ɗaya da 'yan shafuka. Tarin bai bar ta ba, amma ta ce ba inda za ta sai ta ga ƙarshen. Mun sa walima a tsakiyar azumi in Allah Ya kai mu, ta ce a gaya maka za a busar maka da rabonka na kifi tunda shinkafa ba ta jira.

In ka zo bayan salla, Atan zai koya maka tuƙa shi, ni zan zauna a kan yashi in riƙa gyara muku. Ka zo da haƙuri, bakinsa ba shi da kyau.

Daga ƙofar masallacin nan, in gari ya yi haske, ana hango rufin gidanmu a ƙetare. Zaharah ta sa wa kanta zuwa kowace Alhamis in ta samu mai wucewa, wani makon ta samu, wani ba ta samu ba. Da hantsi nakan sauka bakin ruwa in tsaya a kan dutsen da Mak Jemah ta saba tsayawa, in duba mashigi. Shekara shida ina ganin tsohuwar nan a wurin, ban taɓa sanin tsayuwar tana da tsawo haka ba.

Allah Ya kai mu watan azumi lafiya, Ya haɗa fuskokinmu bayansa.

Kakanka,
Marzuki ɗan Jantan